Kwana Ukun da Kwamfuta Ta Hana Malam Shara

Shekara ashirin da 'yan kai na yi a gidan aurena a Bungudu ban taɓa ganin cikin rumbunmu ba. Ba wani laifi na yi ba, haka gidansu Malam suka gada: mace ba ta leƙa rumbu. Suna cewa in ta ga hatsi da yawa hannunta zai buɗe, in kuma ta ga ya yi ƙasa bakinta ne zai buɗe. Saboda haka nakan tsaya a gindi, Malam ya jingina tsani, ya ɗage murfi, ya miƙo mini abin da za a sussuka. In na ce, "Malam, ko in hau in taya ka?" sai ya amsa ba tare da fushi ba: "Mi za ki gani? Faɗi abin da kike buƙata, in ɗebo maki." Na ji maganar nan har na haddace ta, har da ɗan tarin da yake yi a tsakiyarta.

Akwai wata ka'ida kuma da Malam ba ya wasa da ita. Kafin sabon hatsi ya shiga, sai an share rumbu tas. A kwashe ragowar bara, a share, a turara hayaƙi, a yaɓe duk wata tsaga. Yakan ce sabo ba ya kwana a kan tsoho, in ba haka ba ƙwarin bara su cinye na bana. A wajen gero gaskiyarsa ce, ban taɓa musa masa ba.

Da yara suka tasa muka koma Gusau, muka zauna a Tudun Wada, gona da rumbu suka tsaya a Bungudu Malam yana zuwa yana dawowa. A nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura biyu-uku a gaban kai, na koyi haɗa baƙi da wasali. 'Yata ta fari kuwa, wadda ba zan kama sunanta ba ko a takarda, ita karatun kwamfuta ta yi har ta gama.

Ita ce ta kawo mana kwamfuta gida, wata tsohuwa mai ƙugi kamar injin markaɗe in an tayar da ita. Cikinta ba ya ɗaukar kaya da yawa, sai ta haɗa mata wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu biyu ba, ta ɓoye shi a bayan tebur da igiyarsa. Ta ce nan ne ma'ajiyar gidan. Duk abin da muka adana, can yake zuwa.

A cikin akwatin nan akwai abu ɗaya da ya fi mini duk kayan ɗakina. Shekara guda kafin Inna, mahaifiyata, ta rasu, mun je mata kwana biyu a 'Yankuzo, yarinyar ta kunna ɗaukar murya a waya ta ajiye a kan tabarma, ta bar Inna tana ta magana. Muryarta ce ta wajen awa ɗaya da rabi, da kukan zabi a bayanta. Wayar daga baya ta faɗa randa ta mutu. Saura kwafi ɗaya tak a duniya, a cikin baƙin akwati. Kullum yarinyar tana cewa za ta samo akwati na biyu ta ƙara kwafi, kullum wani abu yana gittawa.

Da za ta tafi bautar ƙasa can kudu, ta zaunar da ni gaban kwamfutar, ta rufe ƙofa.

"Umma, a cikin na'urar nan akwai wani mai gadi da ba a gani. Mu muna ce masa kanel. Ba abin da ke taɓa ma'ajiya sai ta hannunsa, kuma kafin ya ba da hanya sai ya duba wa ke tambaya."

"Ya san mu ke nan?"

"Ya san ku da sunan da kuka shiga da shi. Na yanka wa kowa rabonsa a cikin akwatin. Baba na da nasa, ke kina da naki. Kowa ya zuba abin da ya ga dama a rabonsa, ya goge abin da ya ga dama. Amma akwatin kansa, a ce za a share shi gaba ɗaya, ko a sake raba shi, ko a ƙara wa wani wuri, wannan sai mai babban makulli."

"To ai makullin na wurinki."

"Zan bar miki."

Na ce ina, ni da ko rediyo sai an kama mini tasha. Ga babanta nan.

Ta yi dariya. "Baba in ya ga maɓalli sai ya danna ya ga abin da zai faru. Ke kuwa sai kin yi bisimilla sau uku kafin ki taɓa. Mai babban makulli, mai gadi ba ya yi masa gardama, Umma. In ya ce a share, sharewa za a yi. Shi ya sa nake son mai tsoro."

Ta faɗa mini kalmar sirrin a kunne, ta hana ni rubutawa. Na haddace ta a bakin turmi, ina daka ina maimaitawa. Matakan ƙara wa mutum wuri kuwa na rubuta su a bayan littafina na aji. Na tambaye ta, in babanki ya nemi sanin wa ke da makulli fa? Ta ce in faɗa masa gaskiya. Bai taɓa tambaya ba. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa akwai makulli a gidan nan da ba a aljihunsa yake ba.

Malam ya kamu da son ɗaukar hoto tun da aka ba shi waya mai kyamara. Kowane rago sai ya ɗauke shi ta gaba, ta baya, ta gefe. Kowane buhu da hotonsa. In ruwa ya sauka a gona sai ya tsaya a ƙarƙashin bishiya ya ɗauki bidiyo, ba mutum, ba magana, ruwa kawai yana zuba har hannunsa ya gaji. In ya dawo ya jona waya ya juye a kwamfuta. Wata Laraba da hantsi ya jona, ta ƙi karɓa, ta fito da wani rubutu na Turanci.

Sai ya ɗauki hoton rubutun ya aika wa ƙanensa, Alhaji, wanda ke da rumfar gyaran waya da zuba karatu a memori a kasuwar Tsafe. Ba a jima ba Alhaji ya kira. Malam ya buɗe muryar wayar, yadda yake yi kullum, don duk unguwa ta amfana.

"Yaya, ta cika ne. Sai an yi mata fomatin."

"Mine ne fomatin?"

"Shara ce. A share ma'ajiyar tas, ta koma sabuwa fil."

Na ga fuskar Malam ta washe. Ya ce, "Ashe su ma sun san ka'ida. Ni dai na san ba a yi ta tura sabo kan tsoho shekara da shekaru a zauna lafiya."

Ina zaune a bakin ƙofa ina tsinke zogale. Na ce a hankali, "Malam, akwai ajiya a ciki."

"Kowane rumbu akwai ajiya a ciki. Shi ya sa ake sharewa."

A tunaninsa, ragowar za ta taru a gefe kamar ta rumbu, a tankaɗe, a mayar da mai kyau. Alhaji kuma bai ga abin bayani ba, shi a wurinsa kayan kwamfuta duk abin da ake sake samu ne.

A nan ya kamata in buɗe baki in ce muryar Inna ce a ciki. Ban ce ba, kuma dalilina biyu ne. Na farko, tun rasuwarta Malam ba ya iya zama in ana zancenta. Tasa mahaifiyar ta rasu yana ƙarami, tun da ya aure ni Inna ce ta riƙe shi kamar ɗa, in an ambace ta sai ya tuna yana da wani aiki a waje. Dalili na biyu ba shi da kyan faɗa, amma tunda na ɗauki biro zan faɗa: na san mai gadi ba zai bar shi ba, kuma ina so in kalla.

Na kuwa kalla. Alhaji yana faɗa masa ta waya inda zai danna, yana dannawa. Da suka iso wurin shara sai kwamfuta ta nemi kalmar sirri. Malam ya sa tasa. Ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, ta mayar masa da cewa ba shi da izini. Ya sake sawa da ƙarfi, ko ba ta ji ba ne. Ta sake maimaitawa, ba fushi, ba ɗaga murya.

"Ni ne maigidan nan," in ji Malam, yana kallon gilashin kwamfutar.

Na sunkuyar da kai cikin zogale.

Ranar Alhamis ya koma cintar kalmar sirrin. Ya gwada sunan yarinyar, ya gwada sunan gonarmu, ya gwada lambar babur ɗinsa. Har sunan wani rago da ta taɓa kiwo tana ƙarama ya gwada, sannan ya juyo ya tambaye ni ko da harafin "u" ake ƙarewa ko da "o". Na gyara masa, tsakani da Allah. Ya kira yarinyar sau uku, wayarta ba ta shiga, inda aka kai ta sai an hau tudu ake samun layi. Da na kai masa abinci na tarar yana yi wa kwamfuta nasiha a kan girmama na gaba. Na ajiye kwano na fito da sauri, na shiga madafa na yi dariyata a cikin gyale.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Alhaji da kansa daga Tsafe, da jaka cike da igiyoyi. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da aka kawo ni gidansu.

"Matarmu, an ce kin zauna kina kallo ƙarfe yana raina maki miji."

"Ni wa? Ina ruwan mai tsinkar zogale da aikin masana. Ga ka nan ka zo, ai magana ta ƙare."

"Minti biyar. Ki ɗora mani shayi, kafin ya tafasa na gama."

Shayi ya tafasa, ya huce, na sake ɗumamawa. Alhaji ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya buɗe wani baƙin allo yana ta rubutu da yatsa goma, kowane layi ya aika a dawo masa da amsa guda. Ya zaro filas ɗinsa, 'yar ma'ajiyar nan mai kamar yatsa, ya soka a kwamfutar, mai gadi ya ƙi buɗe masa, don yarinyar ta hana baƙon filas shiga sai da izini.

"Wace irin kwamfuta ce wagga? Tawa ta Tsafe ko akuya ta taka ta buɗewa take."

"Shi ya sa kullum rumfarka cike da masu kuka an goge masu kaya," na ce.

"Yaya, ka ji ta ko? Da bakinta a ciki."

"Bar ta," in ji Malam. "Mi ta sani."

Ina jin daɗina, har na ɗauko kujera 'yar tsugunne na matso. Sai Alhaji ya leƙa bayan tebur yana neman soket. Ya ga igiya, ya bi ta da hannu, ya jawo baƙin akwati ya ɗora a kan tebur. Ya dube shi, ya dubi kwamfutar, ya yi wata 'yar dariya.

"Yaya, wahalar banza munka sha. Mai gadin cikin kwamfuta yake, ba cikin akwati ba. In na cire wanga na tahi da shi Tsafe na jona a tawa, ba mai tambayata ko ni wane ne. Gobe da safe in aiko maka shi fes."

A lokacin na tuna yarinyar ta taɓa faɗa mini haka, cewa ikon mai gadi iyakarsa na'urar da yake ciki, in an ɗauki akwati an fita da shi sai dai Allah ya kiyaye. Na ji maganar a lokacin, na ajiye ta inda nake ajiye maganganun da ba na zaton za su zo. Yatsun Alhaji suna kan igiya.

Na tashi, na goge hannu a zane.

"Alhaji, sauke hannunka."

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Amma ya sauke, don bai taɓa jin na kira shi ba wasa a ciki ba.

"Ɗan matsa mini."

Ya matsa. Na zauna a kujerar da ban taɓa zama a kanta a gaban Malam ba. Na yi bisimilla, sau ukun nan da ake yi mini dariya a kai. Na yafa gyale a kan hannuna da maɓallan, na danna kalmar da yatsa ɗaya, ina jin bugun taɓarya a kaina. Kwamfuta ta buɗe.

Na shiga rabona, na nemo muryar, na ja ta zuwa wani wuri da na sani sarai, don na saurare shi ya fi a ƙirga in gida ba kowa. Zabi suka fara kuka, sannan Inna.

"...to ran nan sai ga babanki ya zo zance wajen uwarki da rana tsaka, da sabuwar hula. Suna tsaye bakin darni sai yaj ji tarin kakanki yana tahowa. Kunya ta kama shi, ba wurin gudu. Ga rumbun da munka share shekaranjiya, tsani na jingine. Sai ya haye ya faɗa ciki. Shi kau tsohon ya gane shi sarai. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa gindin rumbun, ya zauna yana tukkar igiya har la'asar."

Alhaji ya kama ciki. Hula ta faɗi ƙasa. "Yaya, kai ne? Shekara nawa kana ɓoye muna wanga?"

Inna ta yi dariyarta mai ƙarewa da tari, ta ci gaba. "Da tsohon ya tashi ni na miƙa mashi hura ta bakin rumbu. Ya hito duk toka, bai iya ko kallona. Tun ran nan hankalina ya kwanta. Na ce mai kunya irin wagga ba ya wulaƙanta mani ɗiya. Kuma bai yi ba. Ki gaya mashi na ce bai yi ba."

Na tsayar. Alhaji ya riga ya daina dariya, don ya ga fuskar yayansa. Malam yana kallon akwatin. Wannan karon bai tuna da wani aiki a waje ba.

"Wannan na ciki?"

"Yana ciki. Kuma ba shi a ko'ina sai nan."

"Da mun share fa?"

Alhaji ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Da ya tahi, Yaya. Ba ragowa. Ba kamar rumbu ba ne."

Malam ya daɗe yana murza gemu. "Mi ya hana ki faɗa tun Laraba?"

"Na ce akwai ajiya."

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Mu biyun mun san amsar ba ta cika mudu ba. Na sa muryar uwata a bakin rijiya don in sha kallo na kwana uku, kuma har yau in na tuna yatsun Alhaji a kan igiyar nan sai na yi istigfari. Saƙon da Inna ta ce a gaya masa ma, ni na riƙe shi tun tuni, don ban san ta inda zan fara ba.

Can ya gyara zama, maigida ya dawo jikinsa. "To. Tunda makulli na gidan nan, ba ni kalmar."

Na gyara gyale. Na yi ɗan tari a daidai inda yake yi.

"Mi za ka gani, Malam? Faɗi abin da kake buƙata, in ɗebo maka."

Alhaji ya tashi ya fita tsakar gida, muna jiyo shi yana dukan bango don dariya. Na ga gefen gemun Malam yana rawa, dariya na neman ƙwace masa, ya juya fuska wajen taga don kada in gani.

Da Alhaji ya dawo ya duba da kyau, ashe akwatin ko rabi bai yi ba. Rabon Malam ne kawai ya cika. Na ce masa a cikin rabonsa shi ne sarki, ya share abin da ya so ba mai hana shi. Ya zauna har kusan magariba yana zaɓe. Raguna bai taɓa ko ɗaya ba. Ruwan sama ne ya sha wuya, shi ma sai da ya kalli kowanne kafin ya goge, yana faɗin wace gona ce. Da na ga ya yi ƙoƙari na buɗe bayan littafina na bi matakai, na ƙara masa wuri. Kaɗan. In mutum ya ga wuri da yawa hannunsa buɗewa yake.

Mako na zagayowa Alhaji ya aiko da akwati na biyu, Malam ne ya sa shi. Yarinyar ta hau tudunta ta kira, tana faɗa ina dannawa, sai da ta sa na karanta mata sunan kowane akwati sau biyu kafin ta yarda in taɓa komai. Yanzu muryar Inna tana wuri biyu. Ɗaya a bayan tebur, ɗaya a naɗe cikin tsohon kallabinta a ƙasan kwallata. Da na ba ta labarin Juma'ar nan ba ta yi dariya ba sai da ta gama yi mini faɗa.

Da kaka ta yi, Malam ya ce in shirya mu je Bungudu. An share rumbu, an turara, an fara jera sabbin dammuna. Ya jingina tsani, ya riƙe ƙafarsa da hannu biyu, ya kalli wani wuri can.

"Hau ki gani."

Na tattare zane na hau a hankali, gwiwoyina suna ƙara. Na leƙa. Duhu ne, da ƙanshin hayaƙi da na sabon gero, da wata gizo-gizo da ta tsira daga shara. Abin da aka hana ni gani fiye da shekara ashirin ke nan. Na ɗan daɗe a sama fiye da yadda kallon yake buƙata, ina auna zurfinsa da tsawon saurayi mai sabuwar hula.

Da na sauko ya ce, yana karkaɗe hannu kamar ba komai, "To kin gani. Saura tawa, kalmar nan."

Na ce na gode, rumbu ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Na ce in mun koma gida ya kawo wayarsa in duba ko akwai wuri, don na ga tun safe yake ɗaukar dammunan nan ɗaya bayan ɗaya.